Kafin ki matsa masa, ki ji wane irin zama yake gudu

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ƙanenki lafiya. Kin ce yana jin muryoyi suna zaginsa, magani ya rage amma bai kawar ba, likita ya ce ya riƙa zama da masanin halayyar ɗan'adam suna tattaunawa, shi kuma ya ƙi atafau. Kina tambaya ko ki tilasta masa.

Kada ki tilasta. Shekarata tara ina fama da murya biyu, ɗaya mai tsawa, ɗaya mai raɗa, kuma sun fi matsa mini bayan isha'i idan gida ya yi tsit. Farkon da aka kai ni, cikin taro aka sa ni, mu takwas a kan benci, kowa ya faɗi nasa. Ban ce uffan ba, domin mai raɗar nan tana ta gaya mini cewa duk wanda ke wurin zai kai labarina unguwa. Ban koma ba. A gida aka ce taurin kai ne, ba wanda ya tambaye ni dalili.

Sai daga baya na samu zama ni kaɗai da wata ma'aikaciya. Abin da ta fara tambayata shi ne me nake so ya canza. Na ce ina so in yi barci, in kuma yi sallah ba tare da na manta raka'a nawa na yi ba. Ba ta tsaya musu da ni kan aljanu ne ko ciwo ne ba, kuma da ta yi, wallahi da ta rasa ni tun ranar. Ta ba ni ƙaramin littafi ina rubuta lokacin da muryar ta zo, abin da ta ce, da abin da na yi. Mai tsawar kullum cewa take idan na shiga kasuwa wani mugun abu zai samu Innata. Muka shirya na je, jikina na rawa, na sayo tumatir da albasa na dawo, na tarar da Inna tana tankaɗe a tsakar gida lafiya lau. Muryar ba ta tafi ba har yau, amma tun ranar na san ƙarya take iya yi.

Irin wannan zaman na mutum ɗaya, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a yi aƙalla sau 16, don haka kada ki sa ran ganin sauyi a mako biyu. Wani kuma taron ne yake masa daɗi. A ƙasar Holan, a 1987, likita Marius Romme da Sandra Escher suka fara haɗa masu jin murya su saurari juna, abin ya bazu ƙasashe da dama. A Landan, Julian Leff ya fito da wata hanya inda ake yi wa muryar fuska a kwamfuta, mutum ya koyi mayar mata da martani. Ni dai ba zan iya kallon fuskar muryar da nake ji ba, amma akwai waɗanda ta taimaka wa.

To ki tambayi ƙanenki: namiji yake so ko mace, da Hausa ko da Turanci, ki shiga tare da shi ko ki jira a waje. Wataƙila ma kunyar a gan shi a ƙofar asibitin ce ke damunsa, ko nauyin kuɗin motar da yake ɗora miki.

Maganinsa kada ya daina sha ba da sanin likita ba. Addu'a ku ci gaba, amma duk inda za a dake shi ko a ɗaure shi, kada ku kai shi. Idan kuwa muryar ta fara umartarsa ya cutar da kansa ko wani, wannan ba na jira ba ne, a ranar za ku je asibiti.

Ki nemi lokacin da ya ci abinci hankalinsa a kwance, ku biyu kawai, ba a gaban yara ko baƙi ba. Idan ya yi shiru, ki ƙyale shi, gobe ki sake.