Me ke sa gandirobobin Indiya jin daɗin aiki ko ƙosawa da shi?

Tambaya: Malam barka da aiki, ina karatun halayyar ma'aikata ne, na ga ana yawan cewa gandirobobin Indiya ba sa jin daɗin aikinsu. Albashi ne matsalar ko kuwa tsoron fursunoni?

Amsa: Yauwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Albashi na ciki kam, amma ni dai a ganina ba shi ne uwa uba ba.

Fara da yawan mutane tukuna. Alƙaluman NCRB, hukumar tattara bayanan laifuka ta Indiya, na 2022 sun nuna fursunoni sama da 570,000 a gidajen yarin da aka gina don mutum kusan 436,000, kashi 75 cikin 100 nasu jiran shari'a suke, ga kuma kusan kashi 30 na guraben ma'aikata babu kowa. To ka ga gandiroba ɗaya yana aikin mutum biyu kenan, da yamma a kora mutane ɗakuna a ƙirga, in lissafi bai cika ba ko da mutum ɗaya ne babu mai cire kaki ya tafi gida sai an sake ƙirgawa, ya nemi hutun babban bikinsu na Diwali a ce masa wa zai riƙe maka get. Wallahi abin da tausayi.

Amma abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne oga. In oga na adalci wajen rabon duti da ƙarin girma, yana tambayar na ƙasa ra'ayinsa kafin ya canza tsari, ya faɗa masa ƙarara ga aikinka ga iyakarka, sai ka ga mutum ya jure ma wahalar. In kuwa yau a ce ka tsananta gobe a ce kai mai gyaran hali ne, ba horo ba bayani, abu ya lalace kuma kai za a tuhuma, nan zuciya ke mutuwa. Tsoron fursuna akwai shi, sai dai wanda ya san oga da abokan aiki na bayansa ba ya jinsa sosai.

Sannan martaba, jama'a sun fi ganin girman ɗan sanda. Tun 1983 kwamitin gyaran gidajen yari na mai shari'a Mulla ya ba da shawarar a yi wa aikin gidan yari tsari na ƙasa baki ɗaya, amma har yau kowace jiha ita ke riƙe da nata, shi ya sa in za ka yi rubutu kar ka haɗa babban gidan yarin Tihar na Delhi da ƙaramin kurkukun gunduma a Bihar ka ce duk ɗaya ne, ka zaɓi jiha ɗaya ka tsaya a kanta.