Me ya haɗa masanin duniyoyin sama da ɗan majalisa?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Agege, Legas. Na ji a rediyo cewa masana duniyoyin sama a Amurka suna zuwa majalisa suna zama da 'yan siyasa. Ina ruwan ɗan majalisa da duniyar Mars? Mu kuma a Najeriya wannan ya shafe mu?

Amsa: Alhaji, kuɗi ne ya haɗa su, sai kuma lokaci. Kumbon da za a aika wata duniya yakan ci shekara goma ko fiye kafin ya tashi, alhali majalisa duk shekara take yanke kasafi. In ta janye hannu ana tsakiyar aiki, an yi asarar abin da aka riga aka kashe.

Shi ya sa masanan Amurka ba sa zuwa kowa da ƙoƙon bararsa. Duk shekara goma sukan haɗu su fitar da rahoto ɗaya da ya jera abin da ya fi muhimmanci. Na 2022 ya sa aika kumbo zuwa duniyar Uranus a kan gaba cikin sababbin manyan ayyuka. Ɗan majalisa bai san ilimin ba, amma ya san abin da masu ilimin suka yi ittifaƙi a kai.

Zaman yakan yi amfani. Wani ɗan majalisa daga Texas, John Culberson, ya yi shekaru yana cusa kuɗin binciken Europa, ɗaya daga cikin watannin Jupiter, daga baya kumbon ya tashi a Oktoban 2024. Wani lokaci kuma akan samu giɓi. A 2005 majalisar ta umarci NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta gano kashi 90 cikin 100 na duwatsun sama masu faɗin mita 140 ko fiye da ke giftawa kusa da mu kafin 2020, amma ba ta ba da kuɗin da ya isa ba, wa'adin ya wuce aikin bai kammala ba. Kuma haɗarin na gaske ne: dutsen da ya fashe a saman Chelyabinsk ta Rasha a 2013 ya jikkata mutum kusan 1,500.

Mu ma muna da hukumar sararin samaniya, NASRDA, tun 1999, majalisa kuma ta yi mata doka a 2010. Tauraronmu na ɗan adam NigeriaSat-1 ya tashi a 2003, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X a 2011. An ƙera NigeriaSat-2 ne don ya yi shekara bakwai. Ku da ke Legas, inda teku ke cin gaɓa kuma ambaliya ke shiga unguwanni duk damina, kun fi kowa buƙatar irin hotunan da taurarin nan ke ɗauka. Sabunta su kuwa sai an sa a kasafi.

Abin da ya fi damuna shi ne Zagami. A Oktoban 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo kusa da Zagami a ƙasar Katsina, daga baya aka tabbatar daga Mars ya fito. Yau gutsattsarinsa na ɗakunan bincike da hannun masu tara irinsa a ƙasashen waje, ɗalibanmu kuwa sai dai su karanta labari. Ina ganin masananmu su haɗa kai su kai wa kwamitocin kimiyya na majalisa jerin buƙata ɗaya, ciki har da dokar da za ta kare irin waɗannan duwatsu. Kai ma, Alhaji, in ɗan majalisar mazaɓarku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi nawa aka ware wa NASRDA bana, kuma nawa aka saki.