Tambayoyinku: An rubuta wa ɗiyata mataki H, ɗan ƙawata kuma L

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ki warware min wannan abu. Ɗiyata shekararta 7 tana aji biyu na firamare, da aka kawo sakamako sai naga malamarsu ta rubuta wai karatunta yana mataki H, ɗan ƙawata da suke aji ɗaya shi L aka sa masa, wlh tun ranar hankalina bai kwanta ba, gashi kuma littafin da ake ba ta ta zo dashi gida tana karanta shi tsaf ba gargada. In sa ta lesin ne ko yaya? Daga Maman biyu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Haruffan nan tsarin wasu malamai ne na Amurka, Fountas da Pinnell, suna jera littattafai daga A har Z, A shine mai layi ɗaya a shafi da ƙaton hoto, ana gaba jimloli na ƙara tsawo hoto na raguwa. Wasu makarantun lamba suke sawa irin ta Lexile, na Ingila kuma launi, ruwan hoda, ja, rawaya, shuɗi haka dai. Yadda ake sa yaro a mataki shine malama ta zaunar dashi ya karanta tana ƙirga kuskure, in ya samu kalma 95 cikin 100 to zai iya littafin shi kaɗai, 90 zuwa 94 sai da mai kama masa. Kinga zama ɗaya ne, yarinya mai kunya ko wadda barci ke ɗiba sai ta sauko da harafi guda.

Amma gaskiya ba zan ce miki babu komai ba, H a jadawalinsu cikin matakan 'yan aji ɗaya na firamare yake, akwai ɗan gibi. Kuma abin da yafi tsaya min a rai ba harafin bane, wannan "tsaf ba gargada" ɗin ne. Yara suna da kaifin hadda, littafin da aka maimaita a aji sau da yawa sai yarinya ta rera miki shi kamar waƙa idonta na kan hoto ba kan rubutu ba.

Ki gwada ta yau. Ɗauko littafin da bata taɓa gani ba, rufe hoton da tafin hannunki, ki nuna kalma a tsakiyar layi. Ki kalli bakinta, tana haɗa sautin haruffan ɗaya bayan ɗaya ne, ko harafin farko take gani ta cinci sauran? A Ingila tun 2012 suke wa 'yan aji ɗaya gwajin kalma 40, rabinsu ƙirƙirarru ne marasa ma'ana, don kawai a kama mai cinta. In ta gama shafin ki rufe ki tambaye ta waye ya yi me, me yasa. Ciwo biyu ne daban, wanda baya iya fitar da kalma sautin haruffa yake buƙata, wanda yake fitarwa baya ganewa shi kuma hira da karanta masa labari da sabbin kalmomi yake buƙata.

Lesin kam ba laifi, amma in mai lesin ɗin aikin gida kawai zai taya ta kwafa to ki riƙe kuɗinki, minti 15 kullum tana karanta miki da ƙarfi yafi. Ki samu malamar ki tambaye ta wane irin kuskure yarinyar tafi yi, kuma a wane harafi take a zangon da ya wuce, in daga F ta taso zuwa H to tafiya take. In kuma zango biyu tana nan inda take duk da ƙoƙarinku, a duba idonta da kunnenta, sannan a nemi masani ya bincika ko disleksiya ce, wato larurar da ke sa karatu ya yi wa yaro wuya.