Amsa kan sabis ɗin shokozobar babur ɗin ƙanƙara

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce ka sayi babur ɗin ƙanƙara ƙirar Ski-Doo na hannu a nan lardin Manitoba na Kanada, ya yi tafiyar kilomita 6,000 ba a taɓa buɗe shokozobarsa ba, kuma tunda ba ka ga mai yana yoyo ba kana tambaya ko akwai dalilin kashe kuɗi a kansu. Shawarata ita ce ka kai su sabis da zarar ƙanƙara ta narke a watan Afrilu, kafin ka ajiye babur ɗin, kada ka jira sai ka ga yoyo.

Yawancin waɗannan babura suna da shokozoba 4: biyu a ƙafafun gaba masu sulɓi a kan ƙanƙara, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya cikin bel ɗin robar da ke tura babur. A cikin irin waɗanda ake iya buɗewa, kamar na kamfanonin Fox da KYB da Walker Evans, akwai mai a gefe guda da iskar naitirojin a ɗaya gefen, wani ƙaramin fistin ne ya raba su. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, shi kuwa man aikinsa hana sifirin ɗin yin tsalle yadda ya ga dama. Duk gargadar da ka taka tana ɗumama man, ya huce, ya sake ɗumi, har ya tsinke kamar baƙin man injin da ya wuce lokacin juye.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwa. Dusar ƙanƙara tana manne wa sandar shokozoba, ta daskare, ta riƙa kankare robar da ke toshe bakin, sannan danshi ya sulale ciki kaɗan-kaɗan. Na sha buɗe waɗanda ake gani garau daga waje, in tarar man ya koma toka-toka saboda ruwa da garin alminiyam da ya goge daga jikin bututun. Ta tsakiya ce ta fi shan wahala, domin a cikin feshin ƙanƙara take wuni, kuma ita ce mai babur ba ya leƙawa. Idan sanyi ya kai digiri 30 ƙasa da sifili, abin da ba baƙo ba ne a Winnipeg, babban birnin Manitoba, cikin Janairu, ruwan nan yana daskarewa a ciki, shokozobar ta sandare. Idan kuma aka bar shi ya kwana ciki daga Afrilu zuwa Nuwamba, tsatsa za ta ci sandar, aikin canjin mai da robobi ya zama sayen sabon ƙarfe. Dalilin da ya sa nake cewa ƙarshen hunturu ke nan, ga shi kuma a lokacin gareji ba cunkoso.

Lalacewar tana zuwa a hankali, har jikin mahayi ya saba bai sani ba. Ka lura idan bayan babur yana dukan ƙasa a ramin da bai kai ya kawo ba, ko yana cilla ka sama bayan tudu, ko ƙafafun gaba suna fizgar ka hagu da dama. Wannan na ƙarshen batun rai ne, domin ƙafar da ba ta manne da ƙasa ba ba za ta juya ka a kwana ba.

Ni ƙa'idata kowace shekara ce ga mai yawan hawa a hanya mai gargada, ko kusan kilomita 3,000, duk wanda ya riga zuwa. Mai hawa jefi-jefi yana iya kai shekara 2. Ka duba littafin babur ɗinka, domin abin da kamfani ya rubuta ya fi nawa ƙarfi, kuma a nan za ka gane ko naka irin na ƙarfe ne da aka like, waɗanda ba a buɗe su sai dai a canza.

Don Allah kada ka kwance su da kanka in ba ka da kayan aikin. Matsin iskar da ke ciki yakan kai wajen psi 200 (psi ma'aunin matsin iska ne), dole a sauke ta kafin a taɓa murfin, kuma ba a mayar da ita da famfon iskar taya, saboda iskar waje tana ɗauke da danshi. Ka cire guda huɗun gaba ɗaya ka kai, ka gaya wa makanike nauyinka da irin hanyar da kake bi, ka kuma roƙi ya nuna maka tsohon man da ya juye.