Tambayi Likita: Ƙafar ɗana ta ƙi warkewa, an ce tibi ne a ƙashi

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Ɗana shekararsa ɗaya da wata biyar, idon sawunsa ya kumbura ya daina takawa, muka kai shi wajen mai ɗori aka ɗaure har sau biyu babu sauƙi, daga baya wajen ya fashe yana fitar da mugunya. An gwada sikila ba shi da ita, kuma shi ko tari ba ya yi, amma a asibiti suka ce wai tibi ne a ƙashi, yanzu ga gwiwar hannunsa ma ta fara. Yayarsa ta rasu tana wata takwas bayan wata ƙatuwar kaluluwa ta fito mata a hammata gefen da aka yi mata BCG. Ni da mijina ɗan wa da 'yar ƙani ne, kuma ina da ciki wata bakwai. Daga wata uwa a Funtua.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya jiƙan yarinyar, ya ba yaro lafiya. Eh tibi yana kama ƙashi ba tare da tari ba, ya fi son ƙashin baya, shi ne ma ke sa yaro ya yi doro, amma yana shiga gwiwa da ƙugu da idon sawu. To amma abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarki shi ne ƙashi biyu lokaci guda, ga labarin yayarsa, ga auren zumunci. Wannan kam dole a binciki garkuwar jikinsa.

Kin ga allurar BCG, wato rigakafin tibi, ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kusan duk jariri jikinsa na murƙushe ta, ɗan tabo kawai ke saura a dantse. Akwai wani sinadari a jiki, intaferon gama, shi ke ba sojojin jini umarni su kashe irin wannan ƙwaya bayan sun haɗiye ta. Wasu yaran ana haifarsu da tangarɗa a wannan hanyar ta gado, sojan ya haɗiye ƙwayar amma umarnin bai iso ba, sai ta zauna a cikinsa tana hayayyafa har jini ya kai ta ƙashi. Likitoci na kiran wannan MSMD, a 1996 aka fara gano asalinsa a wasu yara 'yan dangi ɗaya a tsibirin Malta. Wani nau'in sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi, shi ya sa ya fi fitowa a auren gida, wani kuma daga ɗaya kawai ake gadonsa, kuma wannan ɗin ne ya yi suna wajen cin ƙashi wuri da yawa, har a ɗauka ciwon daji ne.

Ki nemi a tura ku asibitin koyarwa wajen likitan yara. A ɗebi mugunyar ko ɗan ƙashin a shuka a ɗakin gwaji a ga wace ƙwaya ce takamaimai, domin gwajin tibi da ake kira GeneXpert zai ce tibi ne amma ba ya bambance tibin gaske da BCG, alhali ita BCG ba ta jin pyrazinamide, ɗaya daga magunguna huɗu da ake fara bayarwa. A yi masa gwajin HIV shi ma. Shi kuwa gwajin gano wannan tangarɗa ta gado yawanci sai an aika jini waje, ba sai an jira shi ba kafin a ci gaba da magani. Maganin tibi kyauta ne a cibiyoyin kula da masu tibi da ake kira DOTS, na ƙashi wata 12 ake sha, mai raunin garkuwa yakan wuce haka, wasu har da allurar intaferon, masu tsanani sai dashen ɓargo. Ko ya fara gudu a tsakar gida kar ki tsayar da maganin, kuma dan Allah a bar ɗori, murza ƙashin da ciwo ya riga ya ci ɓarna ce.

Sai cikin da ke jikinki. Tun a wajen awo ki faɗa musu komai, a rubuta a katinki cewa kar a yi wa jaririn BCG ranar haihuwa sai likitan yara ya duba shi. Wannan shawarar ta gidanku ce kawai Malama, kar maƙota su ji su ce likita ya hana rigakafi, ita BCG ɗin nan ce ke kare jarirai daga tibin ƙwaƙwalwa mai kisa.