Na zuba kuɗin kulob kan yaro mai fotenshal MVP, mako biyar bai motsa ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina buga BuzzerBeater, wasan intanet na tafiyar da kulob ɗin ƙwallon kwando, kakata ta biyu ke nan. Bayan diraft, wato zaɓen sababbin 'yan wasa, na sayi wani yaro ɗan shekara 19, tsawonsa ƙafa 6 da inci 10, fotenshal ɗinsa, wato iyakar ƙwarewar da zai iya kaiwa, MVP, ɗaya daga cikin manyan matakai. Dala 400,000 ta cikin wasa na biya, kusan duk abin da ke asusun kulob. Yau mako biyar ko maki ɗaya bai ƙaru ba. Ina saka shi a lamba 5, wato gurbin santa, kamar minti 15 a kowane wasan lig. Horon da na zaɓa na harbi ne na dukan ƙungiya, tirenana mataki na 2. Harbinsa da fasin da tsaron waje duk 2 ne zuwa 3, na ƙarƙashin raga kuma 6 zuwa 7. A gurup ɗinmu wani ya ce mai babban fotenshal da kansa yake fashewa idan ya kai 21, in yi haƙuri kawai. Wani kuma ya ce in buɗe asusu na biyu in saye shi da tsada in mayar da kuɗina. Abokai har sun fara kirana Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, don tsokana, ga kulob na cin giɓi duk mako. Don Allah asara na yi? Daga Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, kuɗin bai nutse duka ba. Ka dai sayi yaron da tsada, kuma mako biyar ɗin nan sun tafi ba za su dawo ba. Yaron lafiyarsa lau. Horo ne ba ka ba shi ba.

Duba lissafin da ka kawo da bakinka. Minti 15 sau biyu, minti 30 ke nan a mako, kuma ban ji ka ambaci wasan sada zumunta na Alhamis ba. Cikakken horo sai da minti 48 a mako, a gurbin da ake horarwa. Ka kuma ɗauko horon dukan ƙungiya, wanda shi ne mafi sanyi a cikin duka, don an tsinka shi gida biyar. Abin da ka zaɓa kuma harbi ne, ga dogon yaro wanda tsawonsa ya fi karɓar horon ƙarƙashin raga. Ka haɗa da tirena mataki na 2. Da ya ƙaru a haka, da shi ne abin mamaki.

Sai maganar mutumin nan na gurup mai cewa yaro zai fashe da kansa a 21. Wannan magana ta kashe ƙananan kulob ba adadi, kuma kullum sai an sami sabon mai yaɗa ta da ƙarfin hali kamar shi ya rubuta wasan. Fotenshal ba ya ƙara wa yaro saurin koyo ko kaɗan. Ka ɗauki yara biyu, shekarunsu ɗaya, tsawonsu ɗaya, makinsu ɗaya, ɗaya fotenshal mataki na 6, ɗaya mataki na 9 irin naka. Ka ba su tirena ɗaya da minti 48 kowanne. Tafiya ɗaya za su yi, kaka da kaka, har sai na mataki na 6 ya taɓo rufinsa, a nan ne horonsa zai yi sanyi sosai, ɗayan ya wuce. Girman randa ne kawai. Babbar randa ba ta cika kanta, kuma jarka ɗaya da mai ruwa zai juye mata ita ce dai jarkar da zai juye wa ƙarama.

Abubuwan da ke juya saurin horo sanannu ne: shekaru, tsawo, matakin tirena, yawan guraben da ka raba wa horon, mintunan da yaron ya samu, da yadda makin da ake horarwa yake idan an gwada shi da makwabtansa. Fotenshal ba ya cikin jerin. Babu wata ranar Juma'a, ranar da sakamakon horo ke fita, da za ka buɗe waya ka tarar wasan ya yi wa ɗan 21 kyautar maki don sunan da ke jikin katinsa. Akasin haka ma ake yi. Ɗan 18 ya fi kowa saurin ɗauka, ɗan 19 na biye, daga nan kowace shekara abin raguwa yake yi. Wato wanda ya ce ka jira 21, cewa ya yi ka zauna ka zuba ido shekarun da suka fi albarka su wuce a benci. In ka bi shi, za ka wayi gari da ɗan 21 mai makin ɗan 19, kuma duk wanda ya san wasan kallo ɗaya zai yi masa a kasuwa ya wuce, don ya san sauran lokacin ba zai isa a cike wannan rufin ba. MVP ɗin da ka biya 400,000 dominsa ya koma rubutu kawai.

Abin haushin ma, yawancin masu rububin MVP ba su da inda za su kai shi. A ce ka yi komai daidai, ka horar da shi kaka biyar ko shida har ya kusa rufi. Albashinsa zai haura dala 100,000 a mako. Kulob da ke ƙaramin rukuni, mai ƙaramin filin wasa, da me zai biya? Ga mai kaka biyu a wasan, yaro mai mataki na 6 ko 7, ɗan 18, wanda makinsa ya bazu ba rami, ya fi amfani nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsa bai kai rabin rabin abin da ka kashe ba. Amma a'a, an ga harufa uku an ruɗe. Wasu ma har naira suke turawa wani da ke cewa yana da jadawalin sirri na horo. Wane sirri? Dokokin wasan a rubuce suke kowa na iya karantawa, kuma tun 2007 mutane ke buga abin nan suna kwatanta sakamako a fili. Wanda ya nemi ka tura masa kuɗin data kafin ya gaya maka minti 48, ka gode masa ka kama gabanka.

Su kuma masu tsokanarka da sunan Ujiri, ai ɗan Zariya bai yi suna da sayen mai tsada ya ajiye ba. Pascal Siakam na 27 aka ɗauka a diraft na 2016, aka tura shi ƙaramar ƙungiyar Toronto ya sha mintuna, sannan a 2019, shekarar da suka ci kofin NBA, ya karɓi kyautar ɗan wasan da ya fi kowa ci gaba.

To ga gyaran. Wasa uku kake da su kafin horon Juma'a: lig Asabar, lig Talata, sai kofi ko sada zumunta ran Alhamis. Idan an fitar da kai daga kofi, shirya wasan Alhamis aikinka ne, duk mako, ba fashi. Wasa uku sau minti 48, minti 144 ke nan a gurbi ɗaya, abincin yara uku. Yanzu kana da ɗaya, saura biyu suna zubewa a ƙasa. Ka nemo dogaye biyu 'yan 18 masu araha su cike, su ne ma za su zame maka kayan sayarwa nan gaba.

Samun 48 cif a wasa ɗaya yana da dabara. Ka rubuta sunan yaron a layi uku na gurbin, mai farawa da mai canji da na ajiya. Ka umarci koci ya bi jerin sunaye sau da ƙafa, ka kuma zaɓi a bar 'yan wasa su ci gaba ko sun tara laifi. Kada ka cika benci. Mutum tara ko ƙasa da haka ya isa, don idan wasa ya yi tazara a zubi na huɗu koci yakan kwashe masu farawa ya zuba na benci, sai ka ga yaronka ya tsaya a 41. Laifi shida kuma fita ne, babu roƙo. Saboda haka a saka wanda ya fi muhimmanci ran Asabar, in ya gaza a cike masa ran Talata ko Alhamis. Abin da ya haura 48 ba ya ƙara horo, kuma in mintunansa na mako suka wuce kamar 75 zuwa 80, shirin jikinsa zai faɗi.

Shi wannan yaron, ni a ganina ka daina mafarkin mayar da shi mai iya komai. Dogo ɗan 19 mai 2 da 3 a makin waje ya makara. Ka ba shi mako uku ko huɗu na horon gaba-da-gaba na lamba 3 da 4, wanda ke taɓa kutse da riƙon ƙwallo da harbi da jefawar kusa da raga a tare, kuma gurbi biyu ne, yara shida za su ci. Daga nan ka koma lamba 5 kaɗai: tsaron ƙarƙashin raga, sai jefawar kusa, kana sako ribawun, wato cafke ƙwallon da ta kuskure raga, tsakani, wanda shi na 4 da 5 ne. Fasin ɗinsa kuwa ko mako biyu ne ka ware masa a lamba 1 ya bar 2, don santa mai fasin 2 zubar da ƙwallo zai riƙa yi. Za ka sha kashi a wasan da ka yi haka, shi ya sa ake jefa shi ran Alhamis. Ribar irin waɗannan makin na gefe ita ce kusan ba sa ɗaga albashin dogo, amma suna ɗaga kuɗinsa a kasuwa.

Kada ka tsorata in Juma'a ta zo ba ka ga koren kibiya mai nuna ƙarin maki ba. Kowane maki yana da ɓoyayyen kaso a cikinsa, yana taruwa ne kafin ya tsallaka. A horon gurbi ɗaya, kusan duk mako biyu ya kamata ka ga motsi a babban makin. Tirena kuma ka nemi mataki na 4, ka duba albashinsa na mako kafin kuɗin tayi, don albashin ne zai zauna maka a wuya. Kuɗin ka samo shi daga tsofaffin da ke cin albashi a benci.

Sayarwa yanzu hauka ne. Kason da ake yanka wa mai sayarwa ya fi yawa ga wanda bai daɗe da saye ba, yana raguwa da zama, ga kuma yaron bai ƙara komai ba. Ka horar da shi zuwa ƙarshen kaka. A lokacin sai ka zaɓa: ko ka riƙe, ko ka fitar da shi kafin sabuwar kaka ta kama, don a ranar ne kowa ke ƙara shekara kuma ake sake lissafin albashi. Ɗan 19 mai tsohon albashi da ɗan 20 mai sabo ba kuɗinsu ɗaya ba, ko da makin bai canza ba. Gwanjo kwana uku yake yi, kuma lokacin da ka saka shi, lokacin zai ƙare. Ka saka bayan Isha, sa'ad da manajojin Italiya da Sifen da Folan ke farke, ba ƙarfe uku na dare da aka kawo wuta ba. Farashin farawa kuma ka sa abin da za ka iya yarda da shi, don ko mutum ɗaya ne ya taya, ya tafi.

Shawarar asusu na biyu kuwa, wallahi wanda ya ba ka ita ba masoyinka ba ne. Maguɗi ne, ko da kuɗin na wasa ne, don sauran mutanen lig ɗinka da guminsu suka gina nasu. Masu kula da wasan suna bin cinikin da farashinsa ya kauce wa hankali, kuma sabon kulob da ya zo ya zube duk abin da yake da shi kan yaro ɗaya na wani ɗan garinsu ba ya ɓuya. Hukuncin daga tara ne zuwa rufe asusun biyu gaba ɗaya. Ko ba ka yi niyyar cuta ba, idan kai da abokin ɗakinka a hostal kuna jan intanet daga waya ɗaya, kada ku yi tayin 'yan wasan juna, ko na dala dubu ne.