Likita farar hula a bariki, sa hannunka ne igiyarka

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce ka gama bautar ƙasa, an yi maka tayin aiki a asibitin soja a matsayin farar hula, kana so in gaya maka ko ka karɓa, in kuma koya maka yadda ake kula da raunin harsashi. Ta biyun ba zan amsa ba. Shekara shida a makarantar likitanci, ga shekarar horo a asibiti, in har yanzu sai an ce maka ka tsayar da jini, ka wanke rauni, kada ka yi gaggawar ɗinkewa, to ka mayar musu da takardarsu. Ku yaran yanzu kun ɗauka asibitin soja fim ne. Je ka zauna a asibitin soja na 44 a Kaduna ko na 68 a Yaba mako guda, ka ƙirga. Zazzaɓin cizon sauro za ka gani, da matan soja masu naƙuda, da yara masu gudawa, da hawan jini, da mutanen gari da suka biyo sahu saboda sun ji a can ba a yajin aiki.

Abin da ya sa na zauna rubuta maka shi ne wani samanja da tambayarka ta tuno mini. Har yau in na tuna shi abinci fita kaina yake yi.

Lokacin mulkin soja ne, ana ta kwasar dakarunmu zuwa Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, wadda ta shiga can a 1990. Duk wanda sunansa ya fito sai likita ya duba shi. Ni kuwa ina ji da kaina, hannuna ya faɗa a tiyata har hafsoshi na kawo mini iyalansu, an kuma riga an yi mini alkawarin tura ni ƙaro karatu in zama ƙwararre. Ran nan da safe sai ga mutumin nan, soja biyu sun riƙo shi, wai baya ya riƙe. Na kwantar da shi, na kama diddigensa zan ɗaga ƙafa, ai kafin ta rabu da gado ya kurma ihu, ya kira sunan Allah ya kira na uwarsa. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, amma ciwon baya sau da yawa haka yake, kuma a lokacin ba mu da na'urorin da kuke taƙama da su yanzu. Da na juya ina wanke hannu, na hango shi ta madubin da ke saman famfo. Ya tashi zaune, ya sunkuya har goshinsa na neman taɓa gwiwa, yana ɗaure igiyar takalminsa, hankali kwance. Na gani da idona.

Ban kai ga buɗe baki ba sai wayar tebur ta yi ƙara. Wani manjo ne. Ya ce, “Dokta, mutumina ne wannan, ka san yadda za ka yi.” Kalmominsa ke nan. Babu takarda, babu shaida sai ni da shi da Allah. Na rubuta hutun wata uku, na ce bai cancanci tafiya ba, na sa hannu, na buga hatimi.

Ba a yi mako uku ba aka gan shi a kasuwar hatsi yana jido buhunan masara daga akori-kura, shi da kansa, buhu a kafaɗa. Wanda ya gan shi kuwa ƙanin wani kofur ne da aka tura a gurbinsa. Aka kafa kwamitin bincike. Na shiga ɗaki na tarar da masu anini a jere, ni kaɗai ne da farar riga. Manjo ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce shi bai san lambar ofishina ba ma. Samanja ya ce shi jahili ne, likita ya ce ya huta, ya huta. Shi ya kwana biyu a gadurum, aka sake shi. Manjo daga baya ya zama kanar. Ni aka sa wa takardar gargaɗi a fayil, aka soke sunana daga karatun, aka ba wani da ko kaciya sai hannunsa ya yi rawa. Shekara biyar na yi kafin in sake samun hanya, da kuɗin aljihuna, har filin da na saya sai da ya tafi.

Ka gane lissafin? Soja yana da na sama da shi da zai rufa masa asiri, yana da lambarsa, yana da 'yan ajinsu. Kai ba ka da igiya ba ka da anini. Ba za a kai ka gadurum ba, gaskiya ne, amma kuma babu mai tsaya maka, ga majalisar likitoci can tana jiran lasisinka. Saboda haka duk hafsan da ya ce ka rubuta abu, ka ce, “Ranka ya daɗe, a turo mini a rubuce.” Da ladabi, kana tsaye. Tun daga ranar ban taɓa ganin wanda ya turo ba. Ku da kuke yi wa manya magana kuna latsa waya, ban san yadda za ku ƙare da kwamanda ba. Ƙarfe bakwai a bariki ƙarfe bakwai ne.

Ka karɓi aikin, ko don mazan jiya. A Amurka ma'aikata guda aka ware musu, da asibitocinta. Namu kuwa asibitin barikin nan dai suke dawowa, da katinsu a leda, suna zancen fansho. Na duba tsofaffin da suka yi yaƙin Bama, wato Burma, a yaƙin duniya na biyu, na duba na yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Tsohon soja ba ya cewa yana jin ciwo. Ciwon suga zai cinye masa yatsa, ka tambaye shi, ya ce lafiya lau. Ka cire masa takalmi da kanka ka duba. Wanda kuma ya ce ba ya barci, ko ka ga ya zabura don an buga ƙofa, kada ka sallame shi da Panadol, ka ja kujera ka zauna.

Samanjan nan ma ya dawo hannuna bayan ya yi ritaya, da sanda, bayan ya riƙe da gaske wannan karon. Ya washe baki ya ce, “Dokta, ba ka gane ni ba?” Na ce ya hau gado. Na kama diddigen na ɗaga a hankali, ya cije leɓe, ko uffan bai ce ba. Na rubuta masa magani, na ce a kira na gaba.